Kunnen Yaya Isiyaku da Dariyar Mutanen Yelwa

A watan nan yayana, Malam Isiyaku, yake cika shekara talatin da biyar a ƙarƙashin ƙasa. Ya rasu muna Jihar Sakkwato, ana ta raɗe-raɗin za a yanke mu a ba mu tamu, bai kai ga ganin Kebbi ba. Jikokina sun san shi a hoto guda ne kawai, wanda ke rataye a ɗakina: dogon mutum siriri, hula a tsakiyar kai, fuska a ɗaure kamar an tilasta masa tsayawa. Idan na ce musu wannan mutumin ya taɓa sa garin Yelwa dariya har wasu suka zauna a ƙasa, sai su dubi hoton, su dube ni. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da nake ƙanwarsa ban cika ganin haƙoransa ba.

Duk shekara ina yi masa sadaka in yi shiru. Bana na ga ya kamata in rubuta, domin mu biyar ne muka san wannan labari daga tushe, kuma ni kaɗai na rage. Labarin kunnensa ne, da yadda ya kusa ba da ransa don ya tsira da ɗan jin da ya rage masa har ranar wani wasan kwaikwayo.

Malamin firamare ne. Da ya gama kwalejin horon malamai ya dawo gida da wasu takardu masu shuɗin tawada, irin waɗanda ake murzawa a inji, an ɗinke su da zare. Tsohon wasan barkwanci ne da ya girme mu duka, yana ta yawo daga wannan kwaleji zuwa waccan, kowane malami ya san shi. Labarin wani maigida ne marowaci da ya ji baƙo na tafe, sai ya kwanta ciwon ƙarya don kada ya ciyar da shi. Baƙon kuwa mutumin kirki ne, ya rantse ba zai tafi ya bar amininsa a kwance ba, ya zauna jinya, yana ta cinye abin da ke gidan. Yaya ya ga an yi wasan sau ɗaya yana ɗalibi, ya ce bai taɓa jin mutane sun yi dariya da murya ɗaya irin ta ranar ba. Tun daga nan ya ƙudura sai ya kawo wannan dariya Yelwa. Yakan ce tun da ruwan Kainji ya taso ya shanye gungaye, wato tsibirai, da tsofaffin garuruwa, aka kwashe mutane zuwa gidajen siminti, jama'armu suka rage yin dariya a taro. Ban san ko gaskiyarsa ba ce. Na dai san ya yarda da hakan, ya yi shekaru yana neman waɗanda za su yi masa wasan.

Ga waɗanda ya samu a ƙarshe. Ɗanjuma, mai gyaran injin jirgi a bakin ruwa, shi ne baƙo, kuma ba a zalunce shi ba, don ko a gaske ba ya wuce akushi a buɗe. Tanko, malamin asibiti, shi ne bokan da ake kirawo wa maras lafiya. Ni, Kulu, a lokacin ina koyarwa a aji biyu, aka ba ni matar gida. Nan aka samu cikas. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, tela ne mai kunya, ya ce in dai za a kira ni matar wani a gaban jama'a, to shi ne zai zama wanin. Haka ya zama marowacin, babban ɗan wasa, alhali ko gaisuwar biki ba ya iya yi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Yaya ya dube shi ya ce ba komai, rabin wasan a kwance ake yinsa, kuma ya tabbata surukinsa ya iya kwanciya.

Ba mu da lasifika. Makaranta ba ta da ita, wutar da ake yi da ruwanmu ma ba kullum take waiwayarmu ba. Don haka Yaya ya ƙirƙiro tasa dabarar. Bayan la'asar mukan sauka bakin ruwa, can gefen da mata ke wanki, inda akwai wani fili mai tauri. Mu shimfiɗa tabarma, mu ajiye matashi da akushi. Shi kuma ya shiga ƙaramin jirgin marigayi babanmu, ya tuƙa ya yi nisa, ya tsaya. Ya ce inda jirgin yake, nan ne mutumin ƙarshe zai tsaya ranar wasa, kuma wannan mutumin ma da haƙƙinsa. In bai ji magana ba, sai ya ɗaga filafilin da yake tuƙi da shi sama, mu sake. In ya ji, filafili na ƙasa. In abin ya yi masa, sai dariyarsa ta biyo kan ruwa ta iso mu, gajera, sau ɗaya. Wannan dariya muke yi wa aiki. Ranar da muka same ta sau biyu, Ɗanjuma ya saya mana rake.

Yanzu ina ganin yaran da ke yin barkwanci a waya, an maƙala musu ɗan abin magana a wuyan riga, suna raɗa ana ji har ƙasashen waje. Ba na raina su, wasunsu suna ba ni dariya. Amma da Yaya zai gan su, na san tambayar da zai fara yi: ina mutumin ƙarshe yake tsaye, kuma wa ya je ya tsaya a wurinsa ya saurara?

Muna tsakiyar gwaji tarin da ya daɗe yana ɓoyewa ya fito fili. Ya rame, yana zufa, wata rana aka ga jini a hankicinsa. Aka auna aka ce tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Maganinsa a wancan zamani ƙwayoyi ne da allura, kullum, na tsawon watanni, kuma Tanko ne ke yi masa allurar da safe. Tarin ya fara sauƙi. Sai ya fara cewa yana jin kukan gyare a kunnensa da rana tsaka, in ya miƙe kuma jiri ya ɗebe shi.

Mu a bakin ruwa abin da muka fara gani shi ne filafili. Ya riƙa tashi sama a kan maganganun da a da suke wucewa lafiya. Muka ƙara murya. Sai muka lura jirgin ba ya kai inda yake tsayawa a da. Yau ya matso kaɗan, jibi ya ƙara matsowa, har ya zama muna iya ganin ɗinkin hularsa, amma filafili na sama. Dukanmu mun gane kunnensa ne ke tafiya, kuma babu wanda ya faɗa. Yaya ne, malami ne, shi ya tara mu. Wa zai dube shi ya ce masa, ba muryarmu ba ce, kai ne ba ka ji? Kara ta hana mu. Sai muka zaɓi abin da ya fi mana sauƙi, muka riƙa ihu. Matar gida na ihu, boka na ihu, maras lafiya da ya kamata ya yi nishi yana kwarara murya har masunta na waiwayowa. Wasan ya mutu a hannunmu, babu sauran abin dariya a cikinsa, kuma dariyar nan ta kan ruwa ta ɗauke.

Abin ban haushi, kullum muna gwada labarin mai lafiya da ke ƙaryar ciwo, ga mai ciwo a cikin jirgi yana ƙaryar lafiya, mu kuma muna taya shi.

Tanko ne ya kasa daurewa. Ya tare ni a hanyar makaranta ya ce, “Malama Kulu, Malam ya bar zuwa allura.” Ya ce Yaya ya tsare shi ya tambaye shi tsakani da Allah ko allurar ce ke cin kunnensa, shi kuma bai iya yi masa ƙarya ba. Takan yi wa wasu haka, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Babu wata da za a musanya da ita a lokacin. In an bar ta a tsakiya, tarin zai dawo, kuma dawowarsa ta fi zuwansa na farko muni. Yaya ya saurara, ya yi godiya, washegari bai zo ba.

Ban je aji ba ranar. Na same shi a zaure yana gyara wa ɗalibai aiki. Sai da na durƙusa kusa da kunnensa na ɗaga murya kafin ya ji ni, abin da ban taɓa yi masa ba, kuma mu duka biyu muka ji nauyinsa. Bai musa ba. Ya ajiye biro ya ce:

“Kulu, shekara nawa ina ce ma ɗiyan mutane su yi shiru cikin aji. So nikai in ji garin ga ya yi dariya sau guda, da kunnena. Ɗan abin da yar rage ya isa in ji dariyar fili guda. In an ƙare wasa, Tanko shi huda ni yadda yag ga dama.”

Na ce masa, in ka kai ranar. Na ce masa abubuwa da yawa da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, ciki har da cewa ban taɓa jin an yi amfani da kunne a kabari ba. Na ce na fita daga wasan, kuma zan janye maigidana. Ya ce zai nemo wasu. Na san ba zai samu ba, shi ma ya sani, amma taurin kai gadonmu ne, daga wurin uba ɗaya muka ɗauko shi. Matarsa ta yi kuka ta gaji. Na fita a fusace, na zagaya cikin gida wurin Inna.

Dole in yi wa 'yan yau bayanin Inna, don na ga yanzu uwa na rungume ɗanta na fari a ɗauke su hoto. Yaya ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a ƙetaren ruwa, can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take ce masa. Gida ɗaya suke, amma in ya zo gaishe ta da safe, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. In tana hira da mata ana raha ya shigo, take za ta ja mayafi ta rufe baki. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurinsu ita ce mutunci. Na same ta a gaban murhun banda tana juya kifi, don sana'arta ke nan. Na zayyana mata komai, na roƙe ta ta yi masa magana sau ɗaya a rayuwarta, don na san ba zai ƙetare maganarta ba.

Ta daɗe tana juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Sannan ta ce, “Ke kin san ban iyawa. Ku da ka iya kallon idonai, ku hwaɗa mai.” Na ji haushinta a ranar, haushi mai tsanani. Sai da na tsufa na gane cewa ita ta fi ni shan wuya, don ni na samu na yi faɗa na huce.

Ban fita daga wasan ba. Na yi tunanin in na bar shi, ba ni da sauran inda zan riƙa ganin yadda jikinsa yake. Muka ci gaba da ihu, tarin kuma ya fara dawowa, muna jin sa daga cikin jirgi.

Sai ihun ya yi abin da ya saba yi wa maƙogwaro. Wata la'asar maigidana ya zo gwaji muryarsa ta dishe ƙaf, ko sallama sai da hannu ya yi. Kunya ta hana shi gaya wa Yaya, ya je ya kwanta a tabarmarsa. Wurin da za mu gwada shi ne inda baƙo yake gyara wa maras lafiya matashi, sai ya tarar da bandar kifi da marowacin ya ɓoye a ƙarƙashi. A takarda, marowacin yana da doguwar magana a nan, yana rantsuwa cewa magani ne boka ya ba shi. Ɗanjuma ya zaro kifin, babbar tarwaɗa daga murhun Inna, ya shinshina, ya zauna. Maigidana ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai ya bi kifin da ido. Ya bi shi daga matashi zuwa hannun Ɗanjuma, daga hannu zuwa baki. Hannunsa ya fito daga cikin bargo a hankali zai ƙwace, sai ya tuna ba shi da lafiya, ya mayar. Ɗanjuma ya ɓare wani yanki ya miƙo masa, ya buɗe baki, ni kuma a matsayin matar gida na tare, na nuna cewa boka ya hana. Fuskar nan tasa ta katako, wadda muke ta fama da ita tun farko, ita ce ta yi aikin. Baƙin ciki ne tsantsa a kanta, kuma na gaske ne, don shi ma yana son tarwaɗa.

Sai muka ji ta, dariyar kan ruwa. Ba gajera ba wannan karon, doguwa ce har ta koma tari, Yaya ya dafa gefen jirgi. Ya tuƙo ya fito, ƙafarsa cikin ruwa, ya tambayi abin da surukinsa ya ce a wurin, don bai san da wannan magana a takarda ba. Na matsa kusa da kunnensa.

“Bai ce komi ba, Yaya. Muryatai ta dishe.”

Ya tsaya. Wannan ce rana ta farko da maganar kunnensa ta fito a gaban kowa, ba tare da an ambace ta ba. Na ce masa ga shi ya yi dariya ba da kunne ba. Ya girgiza kai ya ce ba tasa dariyar yake nema ba, ta mutane ce. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na kama hannun rigarsa na juya shi. Bayansa matan wanki ne, da wasu masunta masu ɗinkin taru. Wata ta saki zane ruwa na tafiya da shi, ta riƙe ciki. Wani tsoho Bagunge, daga mutanen gungayen nan, wanda na san Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, yana share hawaye da bayan hannu yana kwaikwayon hannun da ya fito daga bargo. Daga inda Yaya yake tsaye ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Ya daɗe yana kallonsu, mu kuma muna kallonsa. Sai ya ja jirgi ya ɗaure, ya ce an tashi.

Da safe Tanko ya buɗe ɗakin allura ya tarar da shi zaune a benci, shi ne na farko. Har ya rasu bai taɓa cewa ya bi maganata ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba.

Daga nan wasan ya canza. Mutumin da a da ba ya yarda a sauya ko kalma ɗaya ta takardun nan, ya sa jan biro ya soke kusan rabinsu. Duk maganar da ido zai iya ɗauka, ya ce a ba ido. Jirgi ya koma can nesa inda yake tsayawa da farko, filafili kuma ya samu sabon aiki: in ya tashi, to bai gani ba ne. Ya hana mu ihu. Ya ce Tanko ya riƙa zagayawa bayan matan wanki yana saurare a madadinsa, don mutumin ƙarshe bai rasa haƙƙinsa ba.

Kunnen kuwa ya tafi, kamar yadda aka ce zai tafi. Wata safiya na shigo gida na yi masa sallama daga baya, na sake, na kira shi da ƙarfi, yana ta alwala bai juyo ba. Na koma zaure na yi kuka mai isata. Ya daina jin kiran salla, sai ya ga maƙwabta sun miƙe ya bi su. Daga baya aka ɗauke shi daga aji aka ba shi kula da ɗakin littattafai, don malamin da ba ya jin amsar yara ba ya koyarwa, kuma wannan ya ci shi fiye da yadda ya nuna. Yau an ce mini ƙwayoyi kawai ake sha a warke, an daina waccan allurar. Na yi wa masu ciwon murna da na ji, amma ban ɓoye muku ba, kunnen Yaya na fara tunawa.

An yi wasan ranar kasuwa bayan la'asar, a filin makarantarmu. Aka haɗa tebura aka yi dandamali. Mutanen da suka zo cin kasuwa ta ruwa daga wajen Shanga da Ngaski suka jinkirta komawa, ga Gungawa, ga Kambari, ga matan Fulani da ƙorensu a gefe, ga mutanen gari. Hedimasta ya sa aka ajiye wa Yaya kujera a gaba, tsakiyar manya. Da muka hau, sai ya tashi, ya ɗauki kujerar, ya kai ta gindin dandamali, ya juya ta. Ya zauna ya ba mu baya, fuskarsa na kallon jama'a. Na ga wasu dattawa sun haɗa kai suna magana, wataƙila sun ɗauka rashin ladabi ne ko ciwon ya taɓa kansa. Mu huɗu da ke sama mun san abin da yake yi.

Ba zan ce mun yi wasan ba kuskure ba. Tanko ya manta layarsa, Ɗanjuma ya cinye kifin tun kafin lokacinsa sai da aka nemo wani. Amma an yi dariya. Tana farawa daga yaran da ke zaune a ƙasa, ta bi ta kan benci, ta kai har waɗanda suka hau katanga, kuma waɗanda ba su jin Hausa sosai ba a bar su a baya ba. Ni ƙeyarsa kawai nake gani, da kansa yana juyawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai ƙirga yara a aji.

Muna cikin wurin matashi na hango Inna. Da ma ta ce ba za ta zo ba, wasan yara ne. Ga ta can baya cikin mata, wai ta zo karɓar faifan da aka ɗauko kifi a kai. Ɗanjuma ya zaro tarwaɗa, hannu ya fito daga bargo ya koma, sai dariya ta kama Inna. Ta kai mayafi baki, ta makara, ya zame. Ta yi dariya da dukan fuskarta, kai a sama, kuma babu abin da ya kare tsakaninta da ɗanta na fari, fuska da fuska. Na ga kansa ya daina juyawa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na manta maganata sai da maigidana ya taɓa ni da ƙafa. Da Inna ta farga da wanda ke kallonta, ta ja mayafi ta sulale, ko faifan ba ta karɓa ba. Ba ta taɓa ta da zancen ba har ta bar duniya.

Ya yi 'yan shekaru bayan haka. Tarin ya warke amma ya bar masa ƙirji a raunane, wani sanyi ya zo ya tafi da shi. A cikin shekarun nan ya aurar da 'yarsa ta fari, ya ɗauki jikansa a hannu. Ba mu sake yin wasa ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da Yelwa ta yau. Ba na jin zai yi ta faɗa irin na tsofaffi. Ina ganin zai so waya, don da akwai ta a zamaninsa da mun riƙa hira a rubuce ba sai na nemo allo da alli ba. Zai yi baƙin cikin ganin an kewaye filin makaranta, ana tsoron taro, musamman bayan abin da ya sami ɗaliban Birnin Yauri, shi da ya ɗauki makaranta wurin da ya fi ko'ina aminci. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne falona da yamma: jikoki a jere, kowa da wayarsa da abin toshe kunne, wannan ya yi dariya yanzu, wancan anjima, kowa a kan abinsa. An ce har dariyar ma a cikin wayar ake saka musu ita. Zai ɗauki kujerarsa ya rasa ta ina zai juya ta.

Me ya rage nasa? Babu kaset, babu hoton wasan. Takardun gara ta cinye su, jirgin ya ruɓe a bakin ruwa. Tsofaffin da suka kalla suna ƙarewa, waɗanda suka rage ma hannun maigidana suke tunawa, ba wanda ya shirya wasan ba. Abin da ya rage a wurina tambaya ce da na daɗe ina ɗauke da ita: ni na tsaya sai ya koma allura, na samar masa shekaru kaɗan, na raba shi da abu guda da ya roƙa a duniya. Ban iya riƙe ta ni kaɗai ba. A ciwonsa na ƙarshe na ɗauki allon yara na rubuta masa: Yaya, ka yi da-na-sanin rashin jin dariyar nan? Ya karanta, ya goge da tafin hannu. Sai ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa:

“Da ina ji, Kulu, da ƙeya nib ba ta. Ashe Inna na da wushirya.”

Ya haura arba'in a duniya kafin ya san haka. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan Inna, ya haɗa su a inda za ta iya kiran sunansa.